ZANCEN MATAFIYA: Ladabin Sayen Kayan Lambu A Kasuwannin Faransa

 Wannan mako zancenmu ya faɗa kasuwa. Dalili kuwa, samarinmu da ke fita ƙasashen Turai neman ilmi, da ma'aikatan da a kan tura ƙaro sani na 'yan watanni, da fatake masu zuwa saro kaya, in sun komo sau da yawa kukansu ɗaya ne. Su kan ce mutanen can ba su san darajar baƙo ba, gama ka je sayen tumatir, ka miƙa hannu ka taɓa, sai mai kaya ya daka maka tsawa a gaban jama'a, sai ka ce sata ka yi. Su kuma masu kayan nasu kukan dabam ne: wai baƙo ya zo bai gai da kowa ba, ya lallatse musu kaya, sa'an nan ya raina kuɗin da suka rubuta. A watse kowa yana ganin ɗan'uwansa marar tarbiyya, alhali kuwa kowannensu ladabin gidansu ya yi. Ina so in warware wannan al'amari. Zan ɗauki ƙasar Faransa misali, domin can al'adar ta fito fili ƙwarai, ga shi kuma 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi suna yawan zuwa.

Mu fara daga gida. A kasuwarmu, ko ta 'Yan Kaba ce a Kano, ko ta ƙauye mai ci mako-mako, mai saye ba shi da mai tsaronsa sai idonsa da hannunsa da bakinsa. Tumatir kashi-kashi a ke kasa shi, ko a zuba a kwando, ba sikeli, ba rubutu. Kowa ya san manya su ke sama, ƙanana da masu tabo suna ƙasa. Saboda haka wanda ya sayi kwando bai tona ba, ba a ce masa mai kunya, wawa a ke ce masa. Haka nan kuma sha'anin kuɗi. Mai kaya ya kan sa suna da tsada don ya san za a taya, mai saye ya taya da arha don ya san za a ce masa "Albarka." A yi ta ja har a daidaita, a ce "Na sallama," a biya, kana a nemi gyara. Ba mai jin haushi, domin taɓawa da tayi su ne cinikin kansa. Kai, in ma ka biya abin da aka fara faɗa maka ba musu, mai kaya ya kan bi ka da kallo, yana tunanin ko baƙo ne kai, ko kuwa kuɗin ba guminka ba ne.

To, kada wani ya zaci Faransawa da rubutaccen farashi aka haife su. Su ma dā tayi su ke yi, kuma ma'aunin wannan gari ya bambanta da na wancan, kamar yadda mudun Kano ya bambanta da na Sakkwato. A shekara ta 1795 ne suka kafa dokar awo guda, wadda ta haifi mita da lita da giram, amma talakawa ba su saki tsohon awonsu ba sai da aka tilasta sabon daga farkon shekara ta 1840. A 1852 kuma wani ɗan kasuwa mai suna Aristide Boucicaut ya shiga harkar wani kanti a birnin Faris da a ke kira Bon Marché, ya yi suna da maƙala wa kowace haja takardar kuɗinta, mai hali da marar hali duk abu ɗaya za su biya. Sannu a hankali wannan ɗabi'a ta game ƙasar, har ta zama doka.

Yau in ka tsaya gaban tebur na mai kayan lambu a Faransa, za ka ga kowane irin kaya da ɗan allonsa, sau da yawa da alli aka rubuta, kamar na makaranta. Doka ta wajabta a rubuta sunan abin, da ƙasar da aka noma shi, da kuɗinsa, ko na kilo ɗaya ko na ƙwaya ɗaya. Waɗansu kaya, kamar tumatir da tuffa da lemo da inabi, har darajarsu a ke rubutawa, gama an kasa su aji uku: na ƙwarai, da na ɗaya, da na biyu. Dubi sikelinsa kuma, za ka ga wata 'yar takarda koriya a manne. Shaida ce cewa masu gwajin sikeli waɗanda hukuma ta yarda da su sun duba shi, kuma kowace shekara 2 a ke sake dubawa. Sikelin da aka samu da ha'inci ko lalacewa, ja a ke manna masa, ba dama a yi ciniki da shi. Ko rumfar da mutumin ya ke tsaye, wani ma'aikacin gari ne ya ba shi, mai raba wuri da karɓar kuɗin kasuwa, kusan aikin sarkin kasuwa a wajenmu.

Ga inda maganar ta ke, jama'a. Tsaron da mu muka ɗora wa hannu da baki, su sun ɗora wa allo da sikeli da hukuma. Saboda haka in ka tona kayansa, abin da mai kaya ya ji ka ce shi ne ba ka amince da shi ba. In ka taya abin da ya rubuta, ka ce masa allonsa ƙarya ya ke yi. Kai ba haka ka nufa ba, amma haka ya fahimta, kuma kasuwar tasa ce. Masu magana sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka sa. Bari in lissafa muku jelar wannan gari ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, gaisuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, sai dai kunyar harshe ta kan sa baƙo ya yi shiru ya nuna da yatsa kawai. A Faransa kuwa wanda ya fara tambayar kaya bai yi gaisuwa ba, daidai ya ke da wanda ya shiga gidan mutane ba sallama. Kalma ɗaya ta isa: "Bonjour," watau barka da yini. In mace ce ka ƙara "Madame," in namiji ne "Monsieur," wanda mutanen Nijar su kan ce "Mushe," ba mushen da muka sani ba. Ka haɗa ido da shi ka faɗa. Suna da "kai" da "ku" kamar yadda mu ke da su, baƙo kuwa da "ku" ya ke magana, wato "vous," ko da yaro ne ke sayarwa. In an gama ka ce "Merci," na gode, ka yi ban kwana. Amma fa kada ka ja gaisuwar irin tamu, kana tambayar gajiya da iyali da sanyi. Mutumin da bai san ka ba zai yi mamakin abin da ya haɗa ka da iyalinsa, masu jira a bayanka kuma za su fara gyaran murya.

Na biyu, layi. Ko ba ka ga an jeru sosai ba, kowa ya san wanda ya riga shi zuwa. Ka lura da gefen da a ke farawa, ka tsaya bayan na ƙarshe. Kada ka miƙa kuɗi ta kan kafaɗar mutane kana cewa albasa biyu kaɗai ka ke so. Mai kaya ba ya kula mutum biyu gaba ɗaya, sai ya sallami na gabansa, ko da tsohuwa ce mai zaɓen karas ɗaya-ɗaya tana ba da labarin jikanta. Furfura ko babbar riga ba su ba ka gaba. In wani ya ga dama ya ce ka wuce, alherinsa ne, ka yi godiya.

Na uku, hannu, shi ne uban tafiyar. A yawancin rumfunan kasuwa mai kaya ne ke zaɓar maka. Wani har ya kan kafa allo mai cewa "Ne pas toucher," watau kada a taɓa. Akwai dalili. Naman ɗan itace ƙananan ɗakuna ne cike da ruwa, waɗanda ido ba ya gani. In ka latsa da babban yatsa sai su farfashe a ƙarƙashin ɓawo, wurin ya yi laushi ya yi baƙi, amma ba nan take ba, sai bayan sa'o'i. Kai ka tafi abinka, tabon ya fito a hannun mai kaya ko a gidan wanda ya saya bayanka. Fiya da ɓaure da tumatir nunanne ba su jure wannan. In mutum 50 suka latsa fiya guda kafin azahar, wa zai saye ta? Ga kuma batun tsabta, gama inabi da latas ɗanyu a ke cin su.

Maimakon hannu, sai ka yi aiki da baki. Ka faɗi abin da ka ke so da yawansa. Mai kaya na kirki zai tambaye ka yaushe za ka ci, yau ko gobe ko jibi. Kada ka ɗauki wannan shisshigi. Yana so ne ya ba ka wadda ta nuna in yau za ka ci, ko wadda ta rage kaɗan in sai Lahadi. Shi ya san wadda ta zo jiya da wadda ta zo yau, kai ba ka sani ba. In wata ƙwaya ce ta shiga ranka, nuna ta da yatsa daga nesa ka ce wannan. Haka nan ɗanɗano: kada ka tsinki inabi ka jefa a baki. In yana so ka ɗanɗana, shi zai yanko ya miƙo maka a bakin wuƙa.

Na huɗu, tayi. Abin da aka rubuta a allo shi a ke biya. Ba wai ba a tayi a ƙasar ba ne sam, an dai gama shi ne tun kana barci. Kudu da Faris akwai wata babbar kasuwar sari da a ke kira Rungis, wadda aka buɗe a 1969 da aka tashi tsohuwar kasuwar tsakiyar birni. Faɗinta ya fi hekta 200, kuma 'yan kasuwa masu katin shiga kaɗai ke saye a ciki. Can masu rumfuna ke zuwa tun kafin asuba, su yi ta ja da dillalai kamar yadda a ke ja a kan kwandon tumatir a 'Yan Kaba. Kafin kaya su iso tebur an riga an lissafa riba. In kana son arha, hanya biyu ce. Ɗaya, ka zaga kasuwar tukuna ka karanta alluna, gama farashin wannan rumfa ba lalle ya zama na waccan ba. Biyu, ka jinkirta. Kasuwannin fili daga sassafe su ke ci zuwa wajen azahar, kamar ta unguwar Bastille mai ci Alhamis da Lahadi. In tashi ya kusa, mai kaya ba ya son komawa da abin da zai ruɓe, sai ka ji shi da kansa yana shelar ya karya farashi, yana haɗa tire guda a kan Yuro 1 ko 2. A wannan lokaci in ka ce za ka kwashe ragowar akwati, nawa zai bar maka, ba ka yi laifi ba. In kuwa bakinka na ƙaiƙayin tayi, tafi kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen, can a ke tayin tsofaffin kaya ba mai ganin baƙinka.

Na biyar, awo da gyara. Da kilo a ke sayarwa, giram 1,000 ke nan. Za ka ji tsofaffi suna cewa a ba su "livre," watau laba, amma labar kasuwar Faransa rabin kilo ce, giram 500. Ba abin kunya ba ne ka sayi tumatir 2 da albasa 1, za a auna maka ba raini. Gyara kuwa ba a roƙonta. Wanda ya zama abokin ciniki na kullum, wata rana zai ga an jefa masa ɗan damin ganyen miya ko lemon tsami a jaka ba a sa a sikeli ba. Wannan ita ce gyararsu, sabo ke kawo ta. Ka riƙe ƙananan kuɗi, kada ka sayi karas na Yuro 1 ka miƙa takardar 50. Ka tafi da jakarka ko kwandonka, domin tun 2016 aka hana ba da siririyar ledar nan ta yarwa a wurin biyan kuɗi, a 2017 kuma hanin ya kai ga ledar zuba kayan lambu, sai irin wadda ke ruɓewa ko jakar takarda.

Na san wani malami zai ce, "To, in na naɗe hannu, me zai hana a zuba mini ruɓaɓɓu?" Tambaya ce mai kyau, gama ba ƙasar da ba ta da maha'inta, kuma baƙon da aka san ba zai komo ba shi ya fi sauƙin cuta. Ga magani. Ka sa ido sa'ad da ya ke zubawa. In ka ga mai tabo ta shiga jaka, ka ce a canja wannan, tun ba ka biya ba, da murya a kwance, za a canja. Ka dubi allon sikeli, yana fuskantarka ne don ka karanta nauyi da kuɗi. Sa'an nan ka lura da rumfar da tsofaffin matan unguwa suka yi wa layi, ka bi bayansu, domin su ba a cutarsu sau biyu. In ka sami mai gaskiya ka riƙe shi. Kasuwar unguwa da abokan ciniki na kowane mako ta ke rayuwa, mai kaya kuwa ya san in ya ba ka ruɓaɓɓe yau, ya yi hasarar cinikin shekara.

Amma kada a ɗauka ko'ina haka ne, ko a cikin Faris ɗin. Kasuwar Barbès mai ci Laraba da Asabar a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, da ta Aligre mai ci kullum ban da Litinin, da rumfunan unguwar Château Rouge inda a ke samun doya da kuɓewa da attaruhu, da yawa daga cikin masu saye da sayarwa a wuraren nan asalinsu Afirka ne, ta Arewa ko tamu. Can za ka ji hayaniya irin ta gida, sau da yawa kuma a miƙo maka jaka ka zaɓa da kanka. Alamar da za ka riƙe ita ce wannan: in jakunkuna ko ƙananan kwanduna suna ta wajen masu saye, ka ɗiba da kanka, in suna ta wajen mai kaya, ka jira. In ka yi shakka ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. A manyan kantuna kuwa kowa da kansa ya ke ɗiba, a waɗansu ma kai za ka auna, sikeli ya fito da 'yar takarda ka manna a jaka kafin ka je wurin biya. Ko a nan ɗin, abin da ka ɗauka shi za ka saya, ba ka jujjuya goma ka ajiye tara ba.

Maƙwabtan Faransa ma kowa da nasa. A Italiya hanin taɓawa yana nan daram a kasuwa, a manyan kantuna kuma su kan ajiye safar hannu ta leda kusa da kayan lambu, wanda ya ɗiba da hannu tsirara zai sha harara. Tun farkon 2018 ledar da ka zuba kayan a ciki ma sai ka biya 'yan santim. Awonsu na baki shi ne "etto," giram 100. A Ingila layi ya fi ko'ina ƙarfi, labarsu kuwa giram 454 ce, ba ta kai ta Faransa ba. Don ku san yadda su ke ɗaukar sha'anin sikeli, a 2001 kotu ta kama wani mai sayar da kayan lambu a garin Sunderland da laifi, saboda ya sayar da ayaba da sikelin da ke auna laba kaɗai, alhali doka ta ce kilo.

Akwai kuma abin da kai baƙo bai kamata ka ji haushinsa ba. In an miƙo maka canji da hannun hagu, ba wulakanci ba ne, su ba su bambanta dama da hagu a wannan wuri. In yarinya sa'ar 'yarka ta dube ka ido cikin ido tana magana, tarbiyyarsu ke nan, sunkuyar da kai a wajensu alamar rashin gaskiya ce. In an ajiye canjinka a ɗan faranti ba a sa maka a hannu ba, haka a ke yi wa kowa.

Wani kuma zai ce shi ya huta, zai yi guzurin mangwaronsa da tattasansa daga gida. A'a. Tun watan Disamba na 2019 dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu in ba shi da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasarsa, don gudun ƙwari da cututtukan amfanin gona. Iri 5 kaɗai aka ɗauke wa: ayaba, da abarba, da kwakwa, da dabino, da wani ɗan itacen ƙasashen Asiya mai suna duriyan. Saura in an gani a filin jirgi ƙwacewa a ke yi.

In aka ɗora al'adun nan biyu a mizani, kowace da nauyinta. Tamu tana da jinƙai, gama mai kaya ya kan dubi gwauruwa ko almajiri ya sassauta, allo kuwa ba shi da ido. Tasu tana da adalci ga wanda bai iya baki ba, gama a aiki yaro ko baƙon da ya sauka jiya, abin da magajin gari zai biya shi zai biya. Ba na ce mu yar da tamu ba. Amma wanda ya fita, ya tuna mai rumfar nan bai san sunansa ba, bai san ko shi malami ne ko akawu ba. Abin da zai riƙe shi ne wani mai irin wannan riga da hula ya zo ya yi kaza, kuma da wannan zai tarbi na bayanka. In ka sauka sabon gari, ka ba kasuwa minti 10 kana kallo kafin ka sayi ko da albasa.

Masu karatu waɗanda suka zauna Masar ko Hindu ko Sin, muna roƙo su rubuto mana yadda a ke ciniki a can, don mu ƙaru da juna. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su gida lafiya, amin.

Naku,
MATAFIYI